Rabin Dutse a Indiya, Rabi a Chetimari

A wani ɗakin ajiya a arewacin Indiya akwai dutse baƙi-baƙi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, an fasa shi gida biyu. Ni na fasa shi. Duk lokacin da na tuna abin da aka rubuta a jikin akwatinsa sai in tsaya cak, ko da ina tsakiyar koyarwa ne da alli a hannuna.

Ni ɗan Chetimari ne, a jihar Diffa ta Nijar, ɗan manomin tattasai. A kwarin kogin Komadugu babu dutse. Ka haƙa rijiya, yashi ne da laka har ka tarar da ruwa. Dutsen niƙa ma daga nesa ake kawo mana shi. Shi ya sa ranar da wani mushe, malaminmu a lise, wato sakandaren Diffa, ya ciro ɗan dutse daga aljihunsa, wanda aka tono a wajen ramin kwal na ƙasar Agadas, ya nuna mana shatin ganye kwance a cikinsa, na bi shi har bakin ƙofa ina roƙon ya bar ni in sake taɓawa. Wannan taɓawar ce ta kai ni jami'a a Yamai, ita ce kuma ta samo mini bursu, wato tallafin karatu, zuwa Indiya a ƙarshen shekarun casa'in.

Delhi ce ta fara karɓata, kuma ba da fara'a ba. A filin jirgi ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin busasshen tattasai da yayata, Ya Falmata, ta ɗaure mini. Ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya. Da ɗan Ingilishin da na koya a Yamai na gane abin da suke cewa: ga wani ya ɗauko barkono ya kawo Indiya. Na so in ce musu wannan ba barkono ba ne, tattasan Diffa ne, wanda manyan motoci ke zuwa tun daga Kano su yi layi dominsa. Suka zubar da rabinsa a ƙasa wurin bincike, na durƙusa ina tsincewa.

A birnin da cibiyar binciken take, na sha yawon neman ɗaki. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, mai gida zai dube ni daga sama har ƙasa, sai ɗakin da ke da allon haya ya zama an riga an kama shi da safe. A cikin bas wasu kan miƙa hannu su taɓa gashina ba tare da sun tambaye ni ba. Daga ƙarshe wani tela da muke haɗuwa a masallaci ya ba ni ɗakin da ke saman shagonsa. Matarsa takan aiko mini da shayi mai madara, ni kuma na ba ta sauran tattasaina. Ta aiko da saƙo cewa ba shi da zafi ko kaɗan, amma ba ta taɓa ganin abin da ke ba miya kala irinsa ba. Na yi kwana biyu ina jin daɗin wannan magana, don ita ce kalma mai kyau ta farko da aka faɗa a kan wani abu nawa a ƙasar.

Malamin da aka damƙa ni a hannunsa, kowa Farfesa yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Dattijo ne mai farin gashi da taushin murya, kuma ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ranar farko ya jera duwatsu a kan tebur, ya ce wannan daga nan Indiya, wannan daga Afirka ta Kudu, wannan Barazil, wannan Ostareliya, wannan kuma daga ƙasar ƙanƙara ta can ƙarshen kudu inda ko ciyawa ba ta fitowa.

"Duba," ya ce. "Me ka gani?"

Ganye ɗaya ne a jikinsu duka. Dogo ne kamar harshe, ya ɗan yi kama da na mangwaro, da babbar jijiya a tsakiya, ƙananan jijiyoyin kuma sun saƙu kamar ragar masuntanmu. Masana suna ce masa Glossopteris. Yana cikin wasu tsirrai da suka ƙare a duniya tun kafin a yi fure ko ciyawa. Da yawansu ganyensu ya yi kama da na tsirran wurin damshi waɗanda ba sa yin iri, amma su suna yi. Kala-kala ne kuma: akwai manyan itatuwa, akwai masu naɗe jikin wasu su hau, kwal na Turai da Amurka yana da nasa, ƙasashen kudu suna da nasu. Irin wannan itace ya fi ƙarfin iska ta ɗauke shi ta tsallake teku. To in ga shi a Indiya, ga shi a Afirka, ga shi a ƙasar ƙanƙara, ke nan ƙasashen nan a dā a manne suke, daga baya suka tsage kowace ta kama hanyarta.

"Abin da ya tsage daga jiki ɗaya," in ji Farfesa, "ko bayan shekaru miliyan nawa ne, ka haɗa bakinsa zai dace."

Na so mutumin nan a ranar. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Matsalar aikin ita ce ganye ya yi yawa, amma da ƙyar ake samun iri manne a jikin ganyensa. An raɗa wa ganyaye sunaye barkatai, ba a san wane iri ne na wane ganye ba. Duk wanda ya same su a haɗe ya sami abin rubutawa. Ni kuwa bursuna tana da iyaka. In ban kawo sabon abin da zan gina kundin digirina a kansa ba, a ƙarshen shekara ta biyu sai in tattara in koma gida hannu wofi, in tsaya gaban mahaifina da ya sayar da shanun nomansa don in yi karatu.

A shekara ta biyun ne aka tura mu wani ramin kwal a gabashin ƙasar, tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa. Farfesa bai je ba, ya ce gwiwarsa. Muka je da Kamala, ɗalibar da ta riga ni zuwa, gajera mai saurin magana, ita kaɗai ke kiran sunana daidai. Ita ta koya mini dokar aikin: kowane dutse, kafin a naɗe shi a takarda, sai an ɗiga masa farin fenti, an rubuta lamba da farkon haruffan sunan wanda ya tono.

"Fenti tukuna, Bukar, murna daga baya," haka take cewa.

Na kiyaye. Rubutuna yana da kyau, har sauran ɗalibai suka riƙa kawo mini nasu duwatsun in rubuta musu, su tafi inuwa su sha shayi.

Wata rana da hantsi ina ni kaɗai a gefen tulin duwatsun da masu haƙar kwal ke zubarwa, na sa bakin ƙarfe a jikin wani na buga da guduma. Ya buɗe gida biyu. Ganye ne cikakke, kuma a wajen gindinsa, manne da babbar jijiya, ga wani abu kamar ƙaramin cokali cike da ƙwayoyi a jere. Rabi ɗaya yana ɗauke da baƙin ganyen kansa, ɗayan yana ɗauke da shatinsa. Na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Na ciro kwalbar fenti. Na dube ta. Na mayar da ita aljihu.

A Chetimari, tattasan da ya fara nuna a gonar mutum ba a kai shi kasuwa. Kwando biyu ake cikawa, ɗaya na babban da ya ba ka wurin noma, kamar Bulama mai gari, ɗaya na mahaifinka. Ba wanda ke sa alamarsa a jikin kwandon, yin haka rashin kunya ne. Babban ne zai karɓa, ya ce wannan daga gonar wane ne, ya sa albarka. Ni a idona Farfesa shi ya ba ni gona. Ko Kamala ban nuna wa ba, don ba a nuna wa kowa nunan fari kafin mai shi ya gani. Na naɗe rabin biyu a rigata.

Da muka koma birni na shiga ofishinsa. Kunya ta sa na tura ƙofa na rufe. Na durƙusa na miƙa masa rabin da ke da baƙin ganye da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa da madubin ƙara girma.

"Wa ya ga wannan?"

"Ba kowa, Farfesa."

"Babu lamba a jiki."

"Kai na kawo wa."

"Ɗaya rabin fa?"

Na sunkuyar da kai. Yaya zan ce wa babba na raba kyautarsa da wani?

"Ya farfashe ko? Haka irin dutsen nan yake yi," ya ce. "Yaro nagari." Ya sa shi a durowa ya kulle.

Ɗaya rabin na ba Alhaji Modu, wani ɗan kasuwar Diffa da ke zuwa Delhi sayen kayan injin ban-ruwa, wanda nakan yi wa tafinta, ya kai wa mahaifina.

"Dutse?" ya ce. "Tun daga Indiya har Chetimari in ɗauki dutse? Kai yaro, ko turare babu a garin?" Amma ya sa shi a cikin jakarsa.

Bayan wasu watanni aka manna sanarwa a bangon cibiyar: za a yi babban taro, masana za su zo daga ƙasashe, Farfesa zai gabatar da sabon abin da ya gano. Ga hoton dutsena. Sunansa ne kaɗai a ƙasa.

Na shiga ofishinsa.

"Farfesa, dutsen nan da ke cikin sanarwa..."

"Zauna, sha shayi." Ya zuba mini da hannunsa. "Duk abin da ka tono yana ɗauke da lambarka, da kyakkyawan rubutunka. Je ka ɗakin ajiya ka duba. Wannan daga tsohon tarina ya fito." Ya yi murmushi. "Ka nemo abin da za ka rubuta kundinka a kai, lokaci yana tafiya."

Da ya yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya faɗa, kamar mai ba jikansa shawara. Na fito na tsaya a bayan ginin. A rayuwata ban taɓa dukan kowa ba, amma ran nan na san inda gudumata take, kuma na tuna da ita.

Nan Kamala ta same ni. Da ta ji labarin ta buge ni a kafaɗa da littafin da ke hannunta.

"Wawa! Me na ce maka? Me na ce maka, Bukar?" Sai ta rage murya. "Ɗaya rabin ya farfashe da gaske?"

"Yana gida."

"Ɗakinka?"

"Nijar."

Ta zauna a kan matakala ta dafe kai. "To, tashi ka je ka ɗauko."

Alhaji Modu ne ya yanka mini tikiti, ni kuma na zama mai ɗaukar kwalayensa. Kano, Maiduguri, Damasak. A kowane shinge sai an sauke mu an soki kwalayen da ƙarfe, an tambayi ɗalibin da ba shi da komi abin da ya kawo daga Indiya. Komadugu a cike take, muka ƙetare a kwalekwale. A ɗaya gefen an shanya tattasai a kan yashi, ja wur har iyakar ganina. Na yi shekara biyu ina mafarkin wannan jan, amma da na gan shi hankalina yana kan dutse.

Na tarar da Baba a kwance. Ya faɗo daga amalanke tun damina, ƙugunsa ya karye, bai sake tashi ba.

"Me ya sa ba ku aiko mini ba?" na tambayi Ya Falmata a tsakar gida.

"Shi ya hana. Ya ce karatu kake yi. Kuma kar ka ɗaga mini murya, ni na goye ka."

Ina zaune a gefen shimfiɗarsa aka kira azahar. Baba ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo dutsena. Ya ɗora tafukansa a kai, ya shafa fuska, ya sake ɗorawa, ya shafa hannuwa. Taimama yake yi. Na leƙa. Fuskar dutsen tana ƙyalli don santsi. Ganyen yana nan kamar inuwa, ƙwayoyin da na ƙetare duniya dominsu saura ɗan alama.

"Baba!"

Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Bai ko dube ni ba, ya tayar da sallarsa a kwance. Na zauna ina jira, fushi na cina ban san wanda zan ɗora wa ba.

Da ya sallame ya ce, "Ɗan Malam Gana ya je Libiya ya aiko wa ubansa rediyo. Kai ka aiko dutse. Mutane sun yi dariya, har ni na taya su. Da na kwanta, alwala ta gagara, Falmata tana kawo mini yashi a faranti. Yana zuba a shimfiɗa, yana cin bayana. Sai na tuna da wannan. Na ce ashe yaron ya san abin da ya aiko." Ya shafa shi da babban yatsa. "Har da ganye a ciki. To, me ya kawo ka?"

Na faɗa masa duka. Ya saurara idonsa a rufe.

"Da ka kai masa, su wa ke wurin?"

"Ba kowa. Na rufe ƙofa."

"Ka rufe ƙofa!" Ya yi dariya har ciwon ya kama shi ya dafe ƙugu. "Falmata, zo ki ji malaminku! Kai Bukar, ka taɓa ganin na kai wa Bulama kwando a cikin ɗaki? A ƙofar gida ake kaiwa, bayan la'asar, jama'a na zaune. Ba don Bulama ɓarawo ne ba. Don kada ya zama."

Ya turo mini dutsen a kan bargo.

"Kai masa wannan ma. Da hannu biyu, ka durƙusa yadda aka koya maka. Amma ka jira mutane su taru."

"Kai fa, Baba?"

"Yashi ya ƙare ne a Chetimari?"

Na koma ta hanyar da na zo, dutsen ɗaure a cikina ƙarƙashin riga. Na isa ana gobe taro.

Zauren ya cika. Farfesa ya yi jawabi mai daɗi, aka yi tafi. Daga nan baƙi suka kewaye teburin da aka ajiye dutsen a ƙarƙashin fitila. Ni ina can baya, ina ji kamar in fita in kama hanyar tasha.

"Tafi," in ji Kamala a kunnena, "ko in ƙwace in kai da kaina."

Na ratsa mutane. Na durƙusa a gabansa, na miƙa da hannu biyu.

"Farfesa, na kawo maka ɗaya rabin."

Bai karɓa ba. Wata tsohuwa daga Afirka ta Kudu, mai tabarau rataye a wuya, ita ta ɗauka daga hannuna. Ta juya shi, ta kifa shi a kan ɗan'uwansa a hankali. Ya zauna daram a kansa. Ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Wata tsaga da ta ratsa rabin sama ta ci gaba a na ƙasa ba tare da ta karkace ba. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Farfesa. Duk zauren ba wanda bai san abin da hakan ke nufi ba, Farfesa da kansa ya koyar da rabinsu.

"Ɗalibina ne, Bukar," in ji Farfesa da murmushinsa. "Shi ya tono shi a ƙarƙashin kulawata."

Ran nan ya fara kiran sunana daidai. Ashe ya iya.

Sunana ya shiga takardar, a bayan nasa. Na rubuta kundina, na sami digirina. Amma kafin nan aka kira ni ofis aka ce fitar da irin wannan dutse daga ƙasar laifi ne, za a yi mini afuwa don ni baƙo ne, rabin biyu kuma za su zauna a cibiyar. Na roƙa a bar mini rabin Baba, na ce an riga an ɗauki hoto, an auna, rabin nan ya goge ba ya da sauran amfani a wurinsu, kuma akwai tsoho a kwance da yake salla da shi.

"Ku samo masa wani," in ji Farfesa. "Dutse ai ba ya wuya."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karatun ƙasa ne ya dubi ɗan Diffa ya ce masa dutse ba ya wuya.

Na je bakin kogi na zaɓi wani mai santsi, na ba Alhaji Modu a zuwansa na gaba. Wannan karon bai yi mini ba'a ba. Dutsen ya isa Chetimari bayan an yi sadakar bakwai ta rasuwar Baba. Ya Falmata ta ce Baba ya koma yashi a faranti, bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai wani lokaci in an kira salla yakan sa hannu ƙarƙashin matashi kafin ya tuna.

Ana jibi zan bar ƙasar na shiga ɗakin ajiya in yi ban kwana da dutsen. Yanzu yana da farin fenti da lamba. A jikin akwatin an manna ƴar takarda da rubutun Farfesa: rabi na biyu ya goge saboda mugun riƙo. Na je wurin mai kula da ɗakin na ce a gyara. Ya ce ba a canza abin da Farfesa ya rubuta.

Yau ina koyarwa a Diffa. Kowace shekara nakan zana ganyen a allo, da jijiyoyinsa, in jera sunayen ƙasashen da aka same shi, in nuna yadda suka tsage. Kowace shekara kuma sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ina dutsen yake?" In ce yana Indiya. Ba na faɗa musu abin da ke rubuce a jikin akwatin.

Mugun riƙo. Hannun Baba ne, sau biyar a rana.